Abin da aka tsayar kan maɓallan rimot a wasannin talabijin

Maganar da masu haɗa wasannin talabijin suka yi kan yadda wasa zai yi aiki da maɓallan rimot ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda a gina wasan kan maɓallai shida: sama, ƙasa, hagu, dama, OK da na komawa baya. Sauran ba kowane rimot ke da su ba.

2. Na komawa baya shi ya fi wahalar da mutane. Lambar da wasa ke gane shi da ita ta bambanta bisa manhajar da talabijin ke aiki da ita: 10009 ce a Samsung Tizen, 461 a LG webOS, 4 a Android TV. A tara lambobin wuri guda, kada a warwatsa su cikin wasan. A Tizen kuma maɓallan kala ba sa aiki sai an yi musu rajista da umarnin registerKey a cikin wasan.

3. Danna-riƙe: idan yaro ya ɗora yatsa bai ɗaga ba, saƙon yana ta maimaituwa, sai ɗan wasan da ke kan allo ya yi ta tsalle ba tsayawa. A nan aka rabu. Wasu sun ce a duba getRepeatCount, wato abin da ke ƙirga maimaituwar saƙon a Android, a watsar da duk abin da ya wuce sifili. Wasu sun fi son a lura da lokacin dannawa da lokacin saki. Ni dai na biyun ya fi kwanta mini, musamman a wasan gudu.

4. Yawancin rimot mai infrared (hasken da ido ba ya gani) maɓalli ɗaya yake aikawa a lokaci guda, don haka kada a ce sai an haɗa dama da tsalle.

5. Maɓallin Home na talabijin ne, a bar shi. Idan an danna shi, wasan dai ya tsaya, ya adana inda aka kai.