Girki ya cinye mana littafi, ya zan yi da zaman karatunmu na wata-wata?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani.

Mu tara ne, duk mata, a nan Zariya. Huɗu malaman makaranta, ɗaya ma'aikaciyar jinya, sauran masu sana'a a gida. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni muna haɗuwa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga bayan azahar zuwa gab da magariba, mu tattauna littafi guda da muka karanta. Tun farko muka tsara cewa wadda zaman ya faɗo gidanta ita za ta zaɓi littafi, ita kuma za ta yi girki. Ni na kawo shawarar, shi ya sa duk wani ƙorafi a kaina yake ƙarewa.

Zaman farko a tsakar gidana aka yi, a kan tabarma. Ɗanwake na yi da mai da yaji, sai zoɓo. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa muka karanta, kuma har aka kira magariba muna musu a kan mahaifiyar Umar, wadda ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wasu na cewa ganganci ta yi, wasu na cewa duk wadda ta haifa haka za ta yi. Ɗanwaken ya huce a kwano ba wadda ta lura.

Yanzu fa? Wata ta yi waina da miyar taushe, ta gaba ta ƙara da farfesun kayan ciki, ta bayanta ta zo da sinasir da funkaso da kaji. Watan jiya kala shida na ƙirga, ban da ledar da aka ƙulla wa kowa ta tafi da ita gida. Littafin kuwa mu uku ne muka karanta. Ita kanta mai gidan da ta zaɓe shi ta ce tun Alhamis take wanke shinkafa da kai niƙa, ina ta ga lokacin karatu. Bai fi minti ashirin muka yi a kansa ba, sauran duk hoto ne da "Hajiya, me kika sa a miyar nan?"

Ga kuma rigimar zaɓi. Manyan cikinmu tsofaffin littattafai suke so. Ƙananan sun ce sun gaji, littattafan waya suke so, waɗanda ake turowa a WhatsApp.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Wata mai zuwa zaman gidan wata 'yar'uwarmu ne. Mijinta ya rasu, yara huɗu ne a gabanta, a makarantar kuɗi take koyarwa. Jiya ta kira ni ta ce a tsallake ta, wai ƙafarta ke ciwo. Na san ba ƙafa ba ce. Kuma ita ce mai zuwa da littafinta duk ta ja layi da fensir, ita ke tayar da tambayar da ke hana mu tashi. In ta janye, gara mu canza suna mu koma ƙungiyar ciye-ciye.

Shin in ce a daina girkin gaba ɗaya? Ko in haɗa mata kuɗi a ɓoye? Littafin kuma wa ya kamata ya riƙa zaɓa?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam. Ku raba tukunya da littafi. Mai girki daban, mai zaɓen littafi daban. Ba yadda za a yi mace tana tsaye a kan tanda tun safe kuma ki ce ita za ta ja ragamar tattaunawa da yamma. Sannan kowa ta kawo dubu biyu, a yi kala ɗaya, magana ta ƙare.

Hajiya Babba ta Gwammaja:

'Yata, kada ki kuskura ki haɗa mata kuɗi a ɓoye. Zancen da mata takwas suka sani ba ɓoyayye ba ne. Ranar da ta gane cewa kajin da ta soya muku da kuɗin tausayi aka saya, ranar kuka rabu da ita. Matar da ta gwammace ta ce ƙafarta ke ciwo da ta ce babu, mutuncinta take karewa, sai ki taya ta.

Kuma kada ki daina girkin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutum ya baro gidansa da rana tsaka, ya hau Keke Napep daga Samaru zuwa cikin birni, sannan ki ba shi ruwan leda? Ba za ku kai wata uku ba. Cin abinci a kwano ɗaya ma yana sake bakin mai kunya.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Ba wurin bazawarar zan fara zuwa ba, wurin mai kala shidan zan je, da ƙafata, ba a waya ba. In yaba mata girkinta, don ai ta sha wahala kuma ba da mugun nufi ta yi ba. Sannan in ce, "Hajiya, kin kafa mana tarihin da ba mai iya kamo ki, ni kaina tsoron zuwan layina nake. Ki taimaka ki kawo shawara a zama na gaba a koma kala ɗaya." In dokar ta fito daga bakin mai hali, sunanta sauƙin kai. In ta fito daga bakinki ana saura wata ɗaya layin marar hali, kowa zai gane don wa aka yi, kin ga kin tona asirin da kike son rufawa.

Na ga irin wannan a adashinmu na unguwa shekarun baya. Da goro da alewa muka fara, muka ƙare da anko. Mutum huɗu suka zame ba sallama, kuma su ne masu zubi a kan lokaci.

Abban Sadik:

Ni dai roƙona kada a taɓa ledar nan da ake ƙullowa. Uwargidana tana cikin irin wannan zaman, kuma mu 'yan gida da ledar muke gane an yi karatu mai albarka.

Malam Na Hausa:

Hajiya Babba ta gama magana a kan girki, Allah ya ƙara girma. Ni a kan littafi zan tsaya, don shekara da shekaru ina koyar da Hausa a sakandare, na san yadda ake guje wa karatu.

Ina zargin ba girki kaɗai ya hana su karatu ba, har da tsawon abin da kuke zaɓa. Ki duba wanda ya fi yi muku daɗi. Shaihu Umar ɗan siriri ne, mace mai aiki da yara za ta gama shi a dare biyu ko uku. Haka 'yan'uwansa da suka fito daga gasar 1933, wadda aka shirya nan garinku a ƙarƙashin Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar fassara: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Duk gajeru ne. Don haka ku sa iyaka: abin da ba za a gama a mako ɗaya ba, a raba shi wata biyu.

A watan da hidima ta yi yawa, kamar gab da azumi ko lokacin jarrabawar yara, ku ɗauki labari biyu kawai daga Magana Jari Ce. Kowane labari da kansa yake tsaye, wadda ba ta samu karantawa ba ma za a iya karanta mata a wurin.

Rigimar manya da ƙanana kuwa akwai gada a tsakani, kuma mata ne suka gina ta. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito ne daga gasar kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, aka buga shi a 1980. Sai Balaraba Ramat Yakubu, mai Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Na biyun nan ma kamar don ku aka rubuta shi: Rabi ce mijinta ya sake ta da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga. Manya za su tuna ƙuruciyarsu, ƙanana za su ga inda marubutan wayarsu suka samo hanya. Sai dai ki auna, kada a sa shi a watan 'yar'uwar nan taku, kar ta ga kamar da ita ake.

Zaɓi kuma kada ya zama na mutum ɗaya. Sau biyu a shekara kowa ta rubuta sunan littafi a 'yar takarda, a zuba a kwano, yaro ya ɗebo shida. Ba wadda za ta ce an fi son wata.

'Yar Autan Mama:

Malam, na gode da ba ka zage mu ba, don na saba da an ambaci littattafan waya sai a taɓe baki. Anti Maman Ilham, ni shekarata ashirin da shida, kuma a waya na koyi son karatu. Akwai shirme a ciki, ban musa ba, akwai ma wanda ba za ki so 'yarki ta gani ba. Amma akwai masu rubutu a kan zaman kishi, da ciwon damuwa bayan haihuwa, da shaye-shayen matan aure, abubuwan da ke faruwa a gidajenmu yau. Waɗannan na Hajiya Balaraba da ake yabo yanzu, ai su ma a zamaninsu cewa aka yi adabin kasuwar Kano ne mai ɓata tarbiyya.

Matsalarsu ɗaya a irin zamanku, tsawo. Wani sai ya kai kashi ɗari. Ku sa ɗaya daga cikin ƙananan ta fara karantawa ta tace muku, ta zaɓo wanda aka kammala. In na kuɗi ne kowa ta biya nata, don Allah, kada mutum ɗaya ta saya ta tura wa takwas. Haƙƙi ne. In kuma gajere kuke so, ku nemi labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016 ake yin ta, kowane labari zama ɗaya ne.

Inna Ta Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Mu namu zaman ba kowa ke iya karatun Hausar boko da sauri ba, da Faransanci aka yi mana lakwal, wasu kuma allo kaɗai suka yi. Sai muka mayar da shi karatu a bayyane. Mutum ɗaya ta karanta shafi goma da ƙarfi, a tsaya a yi gardama, wata ta karɓa. Ba mai jin kunyar cewa ba ta karanta ba. Abinci kuwa dambu da zogale ne kullum, sai shayi. Ba ma canzawa, shi ya sa ba a yin gasa.

Maman Walid:

Ni ban goyi bayan karo-karon kuɗi ba, Uwar Biyu ki yi haƙuri. Da kuɗi ya shigo sai an naɗa ma'aji, sai "wance ba ta biya ba", sai a fara lissafin nama. Kuma dubu biyun ma a ƙarshen wata, kafin albashi ya shigo, ba kowa ke da ita ba. Gara mai gida ta yi abin da take ci da 'ya'yanta ranar, ko fate ne ko ɗanwake, mutum biyu su zo da abin sha.

Sannan ku canza lokacin cin. Kada a buɗe kula sai an yi sallar la'asar. Wa zai iya musu a kan littafi bayan ya cika ciki da waina? Barci ne zai biyo baya.

Uwar Biyu:

Na karɓi gyara a kan kuɗin. Amma raba mai girki da mai jan tattaunawa ina nan a kan bakana.

Maman Ilham:

Na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Babba, na bi maganarki, ranar Talata na je gidan Hajiyar da kaina. Ban ma gama zagaye-zagayena ba ta kama dariya, ta ce ita ma bashi ta ci wurin mai kaji, don ta ga ta gabanta ta yi kala huɗu, ta ji kunyar ta yi ƙasa da haka. Maigidanta ma sai da ya yi mata faɗa. Ita ta rubuta a zaurenmu na WhatsApp da daddare cewa daga yanzu kala ɗaya, ba leda, kuma ba a ci sai bayan la'asar. Abban Sadik, sai haƙuri. Mutum shida sun amsa da to. Ɗaya ta yi shiru, ɗaya kuma ta ce ita dai in layinta ya zo ba mai hana ta yanka kaza a gidanta. Ban tanka mata ba, layin nata sai bayan Babbar Sallah.

Zaɓen kwano mun ɗage shi sai mun haɗu. Na wannan watan ƙananan muka bar wa, sun kawo labari biyu gajeru, kuma 'yar autarmu ce za ta ja tattaunawar.

'Yar'uwar tamu ban ce mata komai ba. Yau da safe ta kira ni, muka gaisa, na tambayi ƙafa ta ce da sauƙi. Sai ta ce in ba a riga an ba wata ba, a bar zaman a gidanta, faten tsaki za ta yi da rama. Ta ce in zo mata da babbar tabarmata, tata ba za ta ɗauke mu tara ba.