Neman kalma: me za mu kira "flagship" a harkar waya?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a maƙoshi, na ce bari in kawo ta gabanku. Ina rubuta bayanin da zai gwada iPhone 16 Pro Max da Galaxy S25 Ultra domin mutanenmu da ba sa karanta Turanci. Allo, batir, caji, kyamara, duk waɗannan sun zauna a bakinmu. Da na zo kan abin da Turawa ke kira flagship, wato wayar da kowane kamfani ke zuba iyakar ƙarfinsa a kanta a shekara, sai na rasa ta cewa. A kasuwar waya ta Farm Centre samari na cewa "filagshif" su wuce, amma in na faɗa wa mahaifiyata haka ba abin da ta ɗauka.

Ga abin da nake so kalmar ta ɗauko. Apple ya fito da tasa a watan Satumbar 2024, Samsung ya biyo a Janairun 2025. Kowacce allonta inci 6.9 ne, kowacce an yi mata ƙarfen gefe da titaniyom. Daga nan suka raba hanya. Babbar kyamarar Samsung megafiksel 200 ce, ta Apple 48. Samsung na da kyamara biyu masu jawo abu daga nesa, ɗaya ninki 3 ɗaya ninki 5. Apple na da guda ɗaya mai ninki 5. Samsung ta zo da ram giga 12 da alƙalaminta a soke a jiki, Apple giga 8 ba alƙalami. Amma in ana zancen ɗaukar bidiyo, har yanzu masu sana'ar da yawa iPhone suke riƙewa. Ba wadda ta shafe ɗaya, kuma dukansu flagship ake ce musu. To da Hausa fa?

Mai gyaran waya, titin Beirut:
Wa alaikumus salam Malam. Tun kafin a yi nisa, a cire "babbar waya" daga lissafi, don ta riga ta sami mai ita. A wajenmu duk wayar da ake shafawa babbar waya ce, ko Itel ce ta kuɗi kaɗan, tunda ba mai madannai ba ce. "Mafi tsada" ma ba za ta yi ba. S25 Ultra ta fito a kan dala 1,299 a Amurka, alhali Galaxy Z Fold6 mai naɗewa ta fito a kan dala 1,899. Fold ɗin ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma in za a kara Samsung da iPhone, Ultra ake ɗaukowa.

Ɗalibi, Sakkwato:
Ni dai Yaya gani nake "zakara" ta wadatar. Zakarar wayoyi. Gajera ce kuma kowa ya san ta.

Malamar Hausa, Zariya:
Ƙanena, zakara sai an kara an ci. Shi ya sa muke cewa zakaran gasa, zakarun Turai. Ita kuwa wannan waya tun ranar da aka buɗe kwalinta take da wannan matsayi, kafin a gwada ta da kowa. Ka duba jimlar da Malam zai rubuta: "yau za mu gwada zakarun nan biyu mu ga wadda ta fi". Idan dukansu zakaru ne, wadda ta yi nasara kuma me za a ce mata? Mu ajiye zakara don ƙarshen bayani, lokacin yanke hukunci.

Asalin kalmar Turancin daga yaƙin ruwa ta fito. Jirgin da kwamandan runduna yake ciki shi ke ɗauke da tutarsa, kamar yadda jirgin Victory ya ɗauki kwamandan Birtaniya Nelson a yaƙin Trafalgar a 1805. Kowace runduna da nata, har wadda aka ci da yaƙi. Matsayi ne a cikin gida, ba kambun nasara ba. Amma don Allah kada wani ya ce mu fassara ta da "jirgin tuta". Bahaushe ba mutumin teku ba ne, ba hoton da wannan zai kawo masa a zuciya.

Wata Hajiya mai kanti, Kaduna:
Malama, to ai in matsayi ne a cikin gida, muna da kalmarsa tuntuni: mowa. Mowar Samsung, mowar Apple. Ita ake yi wa ado, ita ake nunawa a talla, ita ake fara ba wa komai. Kuma kalmar mace ce, ta dace da waya.

Mai tambaya, Kano:
Hajiya, wallahi wannan ta shige ni, na daɗe ina juya ta. Tana da daɗin faɗi, kuma ba wanda zai nemi a yi masa bayani. Abu biyu ne suka hana ni rungumarta. In akwai mowa dole akwai bora, kuma jerin Galaxy A, wayoyin Samsung masu sauƙin kuɗi, ba bora ba ne. Su ne suka fi fita a kasuwa, su ne a hannun yawancin mutanenmu da ke riƙe da Samsung. Ba na son in rubuta abin da zai sa mai A15 ya ji an wulaƙanta abin da ya tara kuɗi ya saya.

Na biyun ya fi nauyi. Abin da aka ba mowa nata ne, ba ya gangarowa ga sauran. A waya kuwa gangarowa yake yi. Ɗan tsibirin nan na saman allo da Apple ke kira Dynamic Island a iPhone 14 Pro ya fara a 2022, shekara na zagayowa ya sauko kan iPhone 15 ta gama-gari, tare da kyamara mai megafiksel 48. Madannin gefe na Action a 15 Pro ya fara a 2023, a 2024 kowace iPhone 16 ta same shi. Haka a gidan Samsung: zagaye abu a allo don a nemo maka shi a Google da S24 ya zo a Janairun 2024, kafin shekarar ta ƙare ya isa wasu daga cikin jerin A. Wannan waya gaba take shiga, na baya su bi sawunta. Kalmar da nake nema dole ta ɗauki tafiya a cikinta.

Wani ɗan'uwa, Damagaram:
Mu nan da Faransanci ake fama, "haut de gamme" masu shago ke cewa, kuma tsofaffinmu ba su san ta ba kamar yadda naku ba su san ta Ingilishi ba. Don haka a samo wadda za ta yi aiki daga Kano har Damagaram. In tafiya ake nema, me zai hana "jagaba"?

Mai gyaran waya, titin Beirut:
Ɗan'uwa, ma'anar ta yi, sai dai a Najeriya yanzu in ka ce jagaba tunanin mutane wajen Bola Tinubu yake tafiya, saboda sarautarsa ta Jagaban Borgu. Ka rubuta "jagaban wayoyi", rabin masu amsawa siyasa za su kawo maka.

Wani dattijo, zangon Kumasi:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, ku ba ni dama in sa baki. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su wannan ƙasa. Ayari kan taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni a hanya kafin a isa Salaga a ƙasar Gwanja. A cikin ayari jagaba daban, madugu daban. Jagaba shi ke gaba yana duba hanya. Madugu shi ne uban tafiya: shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a ya da zango, shi ke zama da sarakunan hanya a yi maganar kuɗin fito. Da sunansa ake kiran ayarin, a ce ayarin madugu wane. In ana son a san ƙarfin ayari, madugunsa ake dubawa.

Kuma ga abin da Malama ta faɗa ɗazu. Kowane ayari da madugunsa. In ayari biyu suka haɗu a zango ɗaya, madugai biyu ke nan, ba sai ɗaya ya kayar da ɗaya ba kafin ya amsa sunan. Abin da tuta take ga mutanen teku, shi madugu yake gare mu mutanen tudu.

Malamar Hausa, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni na gamsu. Kuma kalmar ba ta mutu ba, kullum a rediyo muna jin "madugun 'yan adawa", wato ta riga ta saba fita daga ayari ta shiga wani fage.

Ɗalibi, Sakkwato:
Amma Malama, waya mace ce, madugu namiji. Ba za a yi karo ba?

Malamar Hausa, Zariya:
Ba karo. Muna cewa "ita ce ginshiƙin gidan nan", muna cewa "ita ce jigon tafiyar", ba wanda ya taɓa jin wani iri. Haka za mu ce "S25 Ultra ita ce madugun wayoyin Samsung". Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada a ce "wayar madugu", don wannan na nufin wayar da madugu ya mallaka. Jam'i kuma madugai.

Mai tambaya, Kano:
Na gwada ta a cikin rubutun, ku ji yadda ta zauna:

"Madugan biyu masaƙa ɗaya suka je: ƙwaƙwalwar A18 Pro da ke cikin iPhone da Snapdragon 8 Elite da ke cikin Samsung duk kamfanin TSMC na Taiwan ne ya ƙera su. Madugun Samsung na da batir mai mAh 5,000 da alkawarin sabunta manhaja na shekara 7, sai dai a wannan zuwan an cire wa alƙalaminsa Bluetooth, don haka ba a ƙara ɗaukar hoto da shi daga nesa. Madugun Apple ya ɗan fi nauyi, giram 227 a kan 218."

Ban ji inda ta yi tuntuɓe ba. Har ta warware mini wani abin da ban tambaya ba. Tecno ma na da nata, jerin Phantom, yayin da Camon da Spark da Pop ke biye. Da zakara muka ɗauka, da sai an yi gardama kafin a yarda a sa Phantom a layi ɗaya da iPhone. Da madugu kuwa ba gardama, ayarinta take ja. Kuma waccan magana da kamfanin waya na OnePlus ya shigo da ita a 2014, flagship killer, waya mai araha da ke ƙalubalantar manya, yanzu sai mu ce "mai ka da madugu".

Hajiya, mowa ba ta faɗi ba. A hira da wasa ina ganin za ta rayu, ni ma zan faɗe ta. A rubutu dai madugu zan sa.

Mai gyaran waya, titin Beirut:
Mu a kasuwa ta fi yi mana amfani ma, don yawancin masu zuwa wajenmu ba sabuwa suke nema ba. Mutum ya zo da kuɗin sabuwar A55, ka nuna masa S22 Ultra ta hannu, ka rasa yadda za ka gaya masa cewa wannan a zamaninta ita ce gaba. Yanzu sai in ce masa tsohon madugu ne. Akwai madugun bana, akwai na bara, akwai na bara waccan. Sai dai Malam, in ka zo kan iPhone ta hannu ka ja kunnen mutane: tun daga iPhone 14, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gidan sim, sai eSIM, wato sim ɗin da ke gine a cikin wayar, ba kati ake sakawa ba. Mutum ya duba gefen wayar da idonsa kafin ya biya. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta a jikin gilashin shagona: "Madugun bara, ta hannu, tana da gidan sim."