Neman shawara: an caje mini mota bayan idona, an riƙe permin tuƙi babu takarda

Direban Hiace: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina jan motar maigidana tsakanin Maradi da Ɗan Isa. Shekaranjiya aka tsayar da ni a wani shinge, aka karɓi takardu, aka ce in sauke kayan sama. Ina can ina kwance igiya, wani ya shiga ciki yana ɗaga kujeru ban gani ba. Ba a samu komai ba, sai dai bizit ɗina, takardar gwajin lafiyar mota, ta ƙare. Ɗayansu ya ce in kawo jika biyar mu rabu lafiya, in ba haka ba mota ta kwana furiye, wurin ajiye motocin da aka kama, ni kuma in kwana a kulle. Na ce a ba ni rasit, ya ce littafi ya ƙare, ya riƙe permina ya ce in same shi daga baya. Shin suna da ikon caje mota haka? Maganar kulle ni gaskiya ce ko tsoratarwa? Kuma ta ina zan bi in karɓo permina?

Baban Tasha: Wa alaikumus salam ɗana. A fara da gefenka, don nan ne ƙofar da aka shigo maka. Bizit da ta ƙare laifi ne na gaske, kuma tara ta hau ka. Abin da ake tambaya a hanya sananne ne: permi mai rukunin da ya dace da motar, kat giriz (takardar rajistar mota), asiransi (inshora) mai rai, bizit, binyat (harajin mota) ta shekara, ga katin ɗan ƙasa. Mai ɗaukar fasinja kuma sai ya haɗa da takardun sufuri. Hiace ta wuce kujeru tara, permin B ba ya ɗaukarta, D ake so, kuma direbobi da yawa nan suke faɗawa ba su sani ba. Ka sa duka a leda ɗaya, ka rubuta ranar ƙarewar kowacce a ƴar takarda ka manna a bayan madubi. Ka ɗauki hotonsu gaba da baya a waya, ka bar kwafi wurin maigidanka. Hoton ba ya maye gurbin ta asali, amma ran da aka riƙe maka ɗaya, shi zai nuna lambarta.

In an ɗaga maka hannu, sa sigina, sauka gefen dama, kashe mota, sauke gilashi, hannu a kan sitiyari. Da dare ka rage fitila tun daga nesa ka kunna ta ciki. Yankin Madarunfa da Gidan Rumji an sha fama da ƴan bindiga, wanda ke tsaye a shinge shi ma ransa yake tsoro, kada ka kai hannu ƙarƙashin kujera ba ka faɗa ba.

Malamin Shari'a: Baban Tasha ya gama da takardu, bari in ɗauki caje. Ba kowane mai kaki ne ke da iko iri ɗaya ba, kuma wannan ne mutane ke cakuɗawa. Ƴan duwan, wato kwastan, doka ta ba su damar duba kaya, abin hawa da mutum kansa, ba sai sun nemi yardarka ba, balle a hanyar da ta nufi iyaka. Ƴan sanda da jandarmomi kuwa, tsayarwa da duba takardu aikinsu ne na kullum, amma binciken da zai kai ga kama kaya da tsare mutum yana hannun jami'in binciken laifuka da ake kira OPJ, shi kuma yana ƙarƙashin mai gabatar da ƙara na kotu. Jami'an gandun daji ruwansu itace, gawayi da naman daji. Kada kuma ka ɗauka mota kamar ɗakin kwananka take. Kariyar da gida ke da ita, har da hana shiga da tsakar dare, mota a bisa hanya ba ta da irinta. Saboda haka cewa "ba za a buɗe ba" ba zai kai ka ko'ina ba, yana iya jawo maka tuhumar ƙin bin umarni ko cin mutuncin jami'i, waɗanda sun fi bizit nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da za ka tsaya a kai shi ne a yi binciken a gaban idonka. Ka ce, "Shef, a yi haƙuri a bi wuri ɗaya-ɗaya, ni zan buɗe da hannuna." Ƙofofin da ba a kai gare su ba su zauna a rufe. In dole ka hau sama, yaron mota ya tsaya a bakin ƙofa, ko ka roƙi wani dattijo cikin fasinja ya sa ido. Kowace jaka mai ita ya sauko ya buɗe abarsa. Amfanin wannan biyu ne: ba a saka maka abin da ba naka ba, ba a kuma ce kuɗin wani ya ɓace a motarka.

In an ce an samu wani abu, kada ka taɓa shi, kada ka karɓa ka duba. A ƙirga a gabanka, a auna in na awo ne, a ɗaure a buga hatimi, a rubuta inda aka same shi. "Ƙarƙashin kujerar direba" da "cikin buhun fasinja na sama" ba hukunci ɗaya ba ne.

Hajiyar Zariya: Malam, a ƙara masa da maganar saƙo. Yawancin direbobin da ke shiga hannun OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ba nasu ba ne kayan, kwali ne aka ba su a tasha aka ce magani ne ko kayan shago, a buɗe a tarar da tramol. Saƙon da ba a buɗe a gabanka ba kada ya hau. Littafi ɗan ƙarami ya isa: sunan mai aikowa, lambar wayarsa, sunan mai karɓa, abin da ke ciki. Haka jarkokin mai da ake cusawa ƙarƙashin kaya, da buhunan hatsi masu nufin tsallaka iyaka tun da aka hana fitar da shi a 2024. Mai kaya zai iya sulalewa, motar maigidanka ce za ta zauna a duwan.

Direban Hiace: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Malam, maganar kwana a kulle fa?

Malamin Shari'a: A kan bizit kaɗai, tsoratarwa ce. Ƙaramin laifin hanya tara ce hukuncinsa. Motar dai ana iya tsayar da ita ko a kai ta furiye har a gyara takarda, wannan ɓangaren bai yi maka ƙarya ba, shi ya sa barazanar ke kama mutane, rabi gaskiya rabi iska. Tsare mutum kuwa sai OPJ, sai da tuhuma, a rubuta a rajista da lokacin da aka fara. Wa'adinsa awa 48, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, sai dai shari'ar ƙwaya da ta ta'addanci suna da nasu wa'adi mai tsawo. Kuma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin kama shi.

Ka riƙe wannan: abin da aka faɗa maka da baki a hanya ba ya ɗaure kowa. "Ka amsa kawai mu sake ka", "yaronka ya riga ya faɗa mana komai", duk ana yi. Alƙali ba ya ganin alkawari, PV, wato takardar bayanin da jami'ai suka rubuta, yake karantawa. Da Faransanci ake rubuta ta, don haka in ba ka ji sosai, ka nemi a karanta maka a fassara da Hausa kafin ka sa hannu. In an rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara, in an ƙi kana da damar ƙin sa hannu, sai su rubuta cewa ka ƙi. Takardar da ba a rubuta komai a kanta ba kuwa, ko da wasa kada ka sa mata hannu. PV ta duwan ta fi kowacce wuyar warwarewa bayan an sa hannu, in sun kawo maganar sasantawa ka kira mai motar tukuna.

Ɗan Gobir: Malam, Allah ya gafarta, doka daban hanya daban. Mutum da fasinja sha takwas cikin rana, mata da jarirai, zai tsaya neman rasit? Jika ɗaya ta raba gardama.

Malamin Shari'a: Na san da haka, kuma ban ce a yi taurin kai ba. Amma a lissafa. Kuɗin da babu rasit ba ya goge laifin, shinge na gaba zai sake kama ka a kan bizit ɗin nan, na bayansa ma haka, kafin wata ka biya kuɗin bizit ninki. Rasit kuwa shaida ce cewa an riga an hukunta ka. Sannan dokar laifuka ta kama mai bayarwa kamar yadda ta kama mai karɓa, in ka faɗa hannun wanda ba ya ci, kai ne a ciki. Akwai su kuwa, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Rasit na gaskiya daga littafi mai lamba ake yago shi, da kwanan wata, da sunan laifin, da adadin kuɗi, da hatimi. Ka duba adadin da aka rubuta ya yi daidai da wanda ka miƙa.

Baban Tasha: Ɗan Gobir, ai jikar nan ce ta sa kullum ake tsayar da mu. To ɗana, ga yadda za ka karɓo perminka. Ƙa'ida ita ce in an riƙe takarda a ba ka wata a madadinta, mai nuna laifin da ofishin da za ka je. Tunda ba a ba ka ba, zauna yau ka rubuta rana, lokaci, wurin, kalar kakin, lambar motarsu in ka gani, da sunayen fasinja biyu da za su yarda su yi shaida. Kada ka koma shingen neman mutum ɗaya, ana canza su. Ka tafi ofishin da shingen yake ƙarƙashinsa, komisariya in ƴan sanda ne, birgad in jandarmomi ne, da safe, tare da wakilin sandikan direbobi na tasharku. Su sun san ƙofa, kuma ba a yi musu "dawo gobe" kamar yadda ake yi wa mutum shi kaɗai. Ka fara yin bizit ɗin, ka je da sabuwar a hannu, ka biya tarar a karɓi rasit. Kafin nan kada ka ja motar, tuƙi babu permi a hannu wani sabon laifi ne.

In aka ce ba a san da perminka ba, sai a rubuta koke zuwa ga shugaban ofishin, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. In shiru, ka kai wa mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maradi.

Hajiyar Zariya: Kuma ƙanena, ka kiyayi Facebook. Sa hoton jami'i da suna kana cewa ɓarawo ne, dokar laifukan intanet ta 2019 na iya juyowa kanka, an kuma ƙara mata tsanani a 2024. Shaidarka ka kai ta inda za ta yi aiki.

Direban Hiace: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na gaya wa maigida, gobe za a kai motar bizit da wani direban, daga nan mu wuce da sakataren sandika. Malam, in sun ce sai na sa hannu a wata takarda kafin su ba ni, zan turo hotonta nan tukuna.

Malamin Shari'a: Turo, amma ka rufe lambar perminka da yatsa kafin ka ɗauka.