Musayar Waƙa: Dariyar Ajin Malam Brown

Baban Ummi: Jiya na kunna wa 'yata Mind Your Language, shirin barkwanci na Ingila wanda muke kallo a NTA muna yara. Ga abin da ya faru:

Ajin Malam Brown na birnin Landan,
Baƙi sun taru don koyon harshe,
Ali da Ranjit ba sa ga maciji,
Mu kan tabarma da dariya mun fashe.
Ummi ta ce, "Baba, duk baƙo wawa ne?"
Na buɗe baki, maƙogwaro ya bushe.

Na-Gwammaja:
Baban Ummi, tsufa ne ya zo,
Ka ɗauki raha ka mai da ita gaba,
Fulani da Barebari na tsokanar juna,
Wa ka ji an ce wasan ya raba?

Baban Ummi:
Wasan taubasai bi da bi ne, ƙanena,
Ka jefe ni yau, gobe in rama,
A can Bature ke riƙe da alƙalami,
Ali bai taɓa samun dama.
Masu shirin sun tsai da shi tun 1979,
Kai ne kaɗai ka rage kana fama.

'Yar Damagaram: Allah ya ƙara basira, Yaya! Wani ya ji a jikinsa. Bari in leƙa Amurka, inda NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta yaƙi wani shirin barkwanci na tashar CBS:

A rediyo tun 1928,
Farare biyu ke kwaikwayon baƙaƙe,
Amos 'n' Andy ya hau talabijin 1951,
NAACP ta ce sam, ta miƙe,
Shekara biyu CBS ta naɗe tabarma,
Bakin masu kare shi ya sarƙe.

Malam Mai Arul: Malama, hujjarki ta tsaya, ɗangonki ne bai tsaya ba. Karanta 1951 da baki ki ji: ɗango ɗaya ya cinye numfashi uku. NAACP kuma a wane kari za ta zauna?

'Yar Damagaram: Malam, ɗangon Na-Gwammaja na uku ma ya zarce 'yan'uwansa, ba ka tanka ba. Ko don ku duka Kanawa ne?

Malam Mai Arul: Nasa ɗingishi yake, naki a kwance yake.

Na-Gwammaja:
Hajiya, kin tuna masu zanga-zanga,
Kin manta a talabijin baƙaƙe ke yin wasa,
Ran da aka rufe, tukunyarsu aka sauke,
Wa ya ba su aiki a wannan ƙasa?

Kawu Sojan Ritaya: Sai yanzu na sami intanet. Ku bar faɗan kari, ku ji labarin wani shirin barkwancin Amurka:

John Amos uba ne a Good Times,
Ya ce an mai da ɗansa J.J. abin dariya,
Ya yi ta ja da marubutan shirin,
1976 suka nuna masa hanya,
Suka ce uban ya mutu a haɗarin mota,
Na-Gwammaja, ga ladan faɗin gaskiya.

'Yar Damagaram: Kawu ya gama magana!

Malam Mai Arul: "Hanya" da "dariya" amsa-amon rance ne, Kawu, amma girmanka ya sa na yi shiru.

Baban Ummi: Na-Gwammaja, saura ɗaya, ka amsa mini tsakani da Allah:

Ran da ka ga Bahaushe a fim ɗin Kudu,
Maigadi da 'yar rediyo, baki duk goro,
Ana kiran "aboki", gida ya ɗau shewa,
Ka yi dariya, ko ka ji ɗaci a maƙogwaro?

Na-Gwammaja: Ina zuwa, an kira Magariba.