Wane suna za mu raɗa wa ire-iren sankarar huhu?

1/ Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina fassara takardar wayar da kai kan taba sigari, na zo kan ire-iren ciwon dajin huhu na tsaya cak. Sunan cutar ba shi ne matsala ba: daji, kansa, sankara, duk ana ganewa. Na ɗauki sankara, ko da yake da na karanta wa Inna sai ta ce, "Sanƙarau kuma a huhu?" Sai an riƙa bambancewa.

2/ Likitoci sun raba ta gida biyu bisa yadda ƙwayoyinta suke a madubin likita. Ta farko Turawa na ce mata mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin 100 na masu cutar. Sauran kashi 85 kuwa, wai "wadda ba mai ƙananan ƙwayoyi ba". Wannan ai ba suna ba ne, kewaye ne.

3/ Ga inda gizo ke saƙa. Ka ce wa mutum tasa "mai ƙanana" ce, sai ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka da sauƙi. Alhali ita ce ta fi saurin bazuwa zuwa hanta, ƙashi da ƙwaƙwalwa, kuma da wuya ka same ta ga wanda bai taɓa shan taba ba. Kalmar ƙwaya ma da nata rikicin: wani zai ji ƙwayar cuta, ya fara gudun kwanon majinyacin kamar mai tarin fuka, bayan sankara ba a ɗaukarta.

Shawarata: SANKARA 'YAR ACCA. Su ma Turawan da ƙwayar wani hatsinsu suka kwatanta ta. Acca ƙanƙanuwa ce, amma in ta zube a ƙasa wa ya isa ya tsince ta?

4/ Gida na biyun nan, mai kashi 85, shi ma ya rabu iri-iri. Adinokasinoma, wadda ta fi kowacce yawa, tana tsirowa ne daga ƙwayoyin da ke samar da majina, galibi can gefen huhu. SANKARAR MAJINA ta zauna daram a baki. Ita ce aka fi gani ga waɗanda ba sa shan taba, amma kada mashaya su yi murna, su ma tana kama su.

5/ Sukwemos, ita ma 'yar gida na biyun ce, sunanta daga kalmar Latin mai nufin ɓawon kifi. Tana fitowa a manyan hanyoyin iska na tsakiyar ƙirji, inda hayaƙi ke bi safe da yamma. MAI ƁAWO nake so. Wani malamin asibiti ya ce min za a zata ciwon fata ne. Ban dai gamsu ba tukuna.

6/ Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar taba da wannan cuta a Ingila, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce sanadin kusan kashi 85 cikin 100 nata. Shi ya sa na ƙi "ciwon mashaya" da aka ba ni shawara: ragowar 15 ɗin fa, mu ɗora musu laifin da ba su yi ba?

Mutanen Damagaram da Maraɗi, can wajenku yaya ake kiran su?