Me ya sa rulman gefen fitar iska ke riga sauran mutuwa?

Mai kula da injuna, Zariya: Assalamu alaikum. Muna da kwamfuresa, wato injin matse iska, mai sukurori biyu a wata ƙaramar masana'anta a nan Zariya, kuma sau biyu ke nan rulman (zoben ƙarfen da sandar sukuru ke juyawa a cikinsa) na gefen da iska ke fita yana lalacewa, alhali na ɗaya gefen lafiya lau yake. Da na kwance na ƙarshen, na tarar da ƙwallayensa sun yi tabo, hanyarsu ta cinye ta gefe guda kawai. Tun bara maigida ya sa aka ɗaga matsin iskar daga bar 7 zuwa 10 (bar shi ne ma'aunin matsi). Shin wannan ne sanadi, ko kayan jabu aka sayar mana?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam, ƙanena. Cinyewar da ka gani ta gefe guda ita ce amsarka. Nauyi iri biyu ne ke kan sukurorin: akwai wanda ke neman raba sukurorin biyu, da ake kira namiji da mace, ta gefe, wanda rulma mai ƴan ganguna ke ɗauka, akwai kuma turin da iskar da aka matse ke yi ta tsawon sanda, daga gefen fita zuwa gefen shiga. Wannan turin rulma mai ƙwallaye ke tarewa, kuma a gefen fita ake ɗaure shi domin tazarar da ke tsakanin goshin sukuru da bangon gidan da yake juyawa a ciki ta tsaya daidai, tazarar da ba ta fi kaurin gashin kai ba. Namijin ya fi shan turin, saboda goshinsa ya fi faɗi.

Malamin makarantar fasaha: Baba ya yi gaskiya, sai dai in ƙara da lissafi, don shi ne zai gamsar da maigidan. A rulma mai ƙwallaye, idan nauyi ya ninka sau biyu, kwanansa na komawa kashi ɗaya cikin takwas. Daga bar 7 zuwa 10 turin ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari, ke nan abin da ya rage na kwanan rulman bai wuce sulusi ba sosai, tun kafin a sa zafin Afrilu da ke tsinka mai da ƙurar hunturu da ke tsallake tsohuwar matata.

Mai gyaran injinan ƙanƙara: Malam, a duba yadda aka ɗaura shi ma. Rulman nan fuska ɗaya yake karɓar turi, kuma na taɓa ganin wanda aka juya shi baibai, bai yi mako biyu ba sukuru ya ci bango. Idan injin na bel ne, kada a ja bel ɗin ya wuce kima.

Mai kula da injuna, Zariya: Na gode ƙwarai. Na duba farantin da ke jikin injin, bar 8 aka rubuta, ke nan bar 10 ɗin ya wuce abin da aka rubuta. Gobe zan kai wa maigida lissafin Malam.