Bug da Hausa: ƙwaro za mu ce ko tasgaro?

'Yan uwa masu rubuta manhaja, don Allah mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar bug. Tambayar da masu koyo suka fi yi ita ce, kod ɗina yana gudu lafiya amma amsar da yake ba ni ba ita ba ce, mu kuma sai mu ce ai akwai bug a ciki, mutum ya tafi bai gane komai ba.

Da yawa sun ce a bar shi a ƙwaro tunda ma'anarsa kenan a Turanci, kuma suna da hujja, a 1947 masu aiki da kwamfutar Mark II a jami'ar Harvard ta Amurka sun ciro wani ƙwaro mai fiffike da ya maƙale a cikin na'urar, har suka manna shi a littafin aikinsu. Ko da yake kalmar ta girmi wannan labari, tun 1878 Thomas Edison, Ba'amurke mai ƙirƙire-ƙirƙire, yake kiran matsalar na'ura da ita.

Ni dai gaskiya ƙwaro bai kwanta min a rai ba. Ƙwaro daga waje yake shigowa, ɗalibi na jin haka zai ɗauka ƙwayar cutar kwamfuta ake nufi, ya je yana neman abin da zai wanke laftof ɗinsa, alhali bug da hannunsa ya rubuta shi. In sunan ya ɗauke laifin daga kan mai rubutu to ya ɓatar da shi tun kafin ya fara nema.

Wani ya kawo kalmar kuskure. Eh, amma kuskure ya riga ya zauna wa error, wanda yake fitowa ɓaro-ɓaro. Ka manta ɗigo biyu (:) a ƙarshen layin if a yaren rubuta manhaja na Python, nan take zai tsaya ya nuna maka layin. Bug ɗin da yake wahalar da mutane shi ne mai shiru, kana da jerin sunaye, Python daga 0 yake fara ƙirga, kai ka fara daga 1, sunan farko ya ɓace kuma babu wani jan rubutu da zai fito, sai ran da mai sunan ya zo yana tambaya. Rokar Ariane 5 da ta tarwatse a 1996 ƙasa da minti ɗaya da tashinta, ita ma bug ne ya jawo, babbar lamba ce mai bit 64 aka tura cikin ƙaramin gurbi mai bit 16 ta ƙi shiga.

Kalmar matsala kuma ta yi faɗi da yawa, intanet ta ɗauke ma matsala ce.

Shi ya sa na tsaya kan tasgaro. In aka ce aiki ya samu tasgaro kowa ya san bai mutu ba, yana tafiya amma da nakasu a wani wuri, wannan kuwa shi ne bug. Kuma yana shiga jimla ba tare da an tilasta shi ba: na gano tasgaro a shafin rajista, an cire tasgaron a sabon fitowa. Debugging ya zama cire tasgaro, debugger kuma mabiyin sawu, tunda layi-layi yake bi kana ganin abin da kowane gurbi yake riƙe da shi.

Breakpoint ne har yanzu nake juyawa, zango nake so in ce, wurin da kod zai yada zango ka duba kayansa kafin ya ci gaba. Wanda yake da wadda ta fi ta ya kawo.